Zuwa ga Mamana, kan zaman banzan da kika ce kina yi

Assalamu alaikum Mamana,

Da fatan kina lafiya, ya sanyin Ingila, ya karatu. Mu nan duk lafiya lau alhamdulillah, ƙafar Ummanku da sauƙi sosai har ta koma islamiyya da kanta, ƙannenki ma suna nan suna ta fama da jarabawa.

Na saurari saƙon muryar da kika turo ma Ummanku ranar Laraba, ita ta kunna min, kar kiji haushinta dan Allah, cewa tayi gara in ji da kunnena. Minti goma sha ɗaya cur. Naji kince sati biyar kenan da makaranta ta tura ki wannan cibiyar matasan aikin gwaji, kullum daga ƙarfe huɗu zuwa takwas na dare, kuma ba abinda kikeyi sai gasa burodi da haɗa shayi da tsayuwa gefen teburin sunuka, yaran ko kallon arziki basa miki, in kinyi magana sai suce "eh" ko "a'a" su maida kai kan waya, har kina cewa anya ba kuskure kikayi ba da kika bar aikinki kika tafi wata uwa duniya karatun masta akan aikin matasa, wai zaman banza kawai kikeyi. Naso in kira ki a daren amma nasan kaina, in na fara magana a waya sai in yi ta zagaye in manta abinda ya kawo ni, shiyasa nace bari in zauna in rubuta ko da zai ɗauke ni kwana biyu, kinsan yatsun nawa da wayar nan ba shiri muke ba.

Toh Mamana, wannan zaman banzan da kike raina shine aikin. Ni shekara 27 nayi a ma'aikatar matasa kuma sai da na ci fiye da rabinsu kafin na gane haka, ke gashi ana koya miki a sati biyar kina kuka.

Kin tuna takardun lakcarki da kika turo min ta WhatsApp kika ce in duba in ga ko sunyi kama da aikin da nayi? Na karanta su tas, wasu sau biyu, da tabarau da ƙamus. Abinda ya tsaya min a rai cikinsu guda ɗaya ne, inda sukace bambancin mai aikin matasa da malamin makaranta ko ɗan sanda ko jami'in walwala shine shi yaron da ƙafarsa yake zuwa wurinka, in yaga dama kuma ya tashi yayi tafiyarsa ba wanda zai rubuta sunansa a rajista ko ya kira ubansa. Malami yana da ƙararrawa da jarabawa, ɗan sanda yana da ankwa, alƙali yana da gidan gyaran hali, ke kuwa ba ki da komai a hannu sai halinki da wannan burodin da kike gasawa. Wallahi da na karanta wurin sai da na ajiye wayar nayi shiru, domin abinda na daɗe ina ji a jikina ne ban san yadda zan faɗe shi ba. Kuma ki lura, yaran da kike cewa basa kula ki, ai jiya sunzo, yau ma sun dawo, alhali ba wanda ya aiko su. Suna auna ki ne. Suna so su gani ko kema irin waɗanda suke zuwa da fom da biro ne suyi sati shida su ɓace, domin ina tabbatar miki kafin ke sunga ɗalibai irinki da yawa sun zo sun wuce.

Bari in baki labarin da ban taɓa baku ba a gida, don kunya nake ji. Wajen 2006 ne, kina aji uku na firamare lokacin. Akwai wata majalisa a bayan kasuwa, gindin wata bishiyar darbejiya kusa da mai shayi, yara kamar ashirin da wani abu, wasu suna dako, wasu acaɓa, mafi yawansu dai ba aikin fari ba na baƙi, kuma unguwa duk tsoronsu akeji ana ce musu 'yan daba. Nayi wata uku ina zuwa wurin bayan la'asar, in ajiye babur ɗina in sayi shayi in zauna a ƙarshen benci. Satin farko da na zauna sai hira ta mutu, wasu ma suka tashi, sun ɗauka ɗan leƙen asiri ne. Ban ce musu ku daina shaye-shaye ba, ban yi wa'azi ba, ba don wayo ba sai don tsoro ya hana ni. Muna dai jin ƙwallo a rediyo tare, wani lokacin in biya kuɗin shayin mutum biyu uku. Sai wata rana babbansu, wani dogo mai tabon sara a nan gefen kunne, bari in kira shi Dogo kawai, ya matso ya miƙo min wata takarda duk ta yamutse yace Oga dan Allah karanta min wannan. Takardar asibiti ce ta mahaifiyarsa, kwana huɗu tana aljihunsa ya rasa wanda zai nuna wa ba tare da an gane bai iya karatu ba. Wata uku na shan shayi kafin takardar nan ta fito daga aljihu. Daga ranar kuma sai ƙofa ta buɗe, wannan ya kawo maganar beli, wancan maganar yarinyar da yakeso iyayenta sun kore shi, wani kuma so yake a raka shi ya ba babansa haƙuri.

Ni da kaina na rusa abin. Aka ce mana a ofis za'ayi shirin koyar da sana'a, walda da kafinta da gyaran waya, da alawus da kayan aiki in an gama, kowane jami'i ya kawo sunaye arba'in. Ni kuma da zumuɗi na tafi majalisa nace ku kawo hoto biyu biyu, na gama muku magana, ba fashi. Yaran nan wasu sai da suka ci bashi suka ɗauki hoto, Dogo har aski yayi. Da jerin sunaye ya fito daga sama ba ko ɗaya daga cikin nawa, zaɓe ya matso, an cike gurbin da yaran masu gidan rana. Na koma gindin darbejiyar nan da ƙafafu kamar ba nawa ba. Ba wanda ya zage ni, da sun zage ni ma da yafi min sauƙi. Dogo ya kalle ni kawai yace "Oga ashe kai ma ɗan ƙidaya ne." Bayan wata biyu na hango shi a bayan wata motar kamfen tsaye da gora a hannu idonsa jawur, ya ganni ya kau da kai. Har yau ban daina jin kalmar nan ba. Laifin waɗanda suka canja sunaye daban, amma nawa laifin shine nayi alƙawarin abinda ba a hannuna yake ba, don inaso su ga nima na kawo wani abu, na gaji da zama hannu rabbana. Irin gajiyar da naji a muryarki ranar Laraba kenan, shiyasa hankalina ya tashi. In ta kama ki zaki fara neman abinda zaki nuna, ki fara alƙawari, ki fara matsa ma yaro ya faɗa miki damuwarsa don ki samu abin rubutawa a littafin da sufabaizarki take dubawa. Kar ki yarda.

Maganar alƙawari ta tuna min da sirri. Nasan an koya muku, amma ki ji daga bakina ma. A can doka bata wasa da kare yara, in yarinya 'yar ƙasa da 18 ta faɗa miki wani abu da ke nuna ana cutar da ita ko rayuwarta na cikin haɗari, dole ki kai maganar ga wanda aka ɗora ma wannan alhakin a cibiyar, ba zaɓinki bane. To tunda haka ne kar ki taɓa cewa "faɗa min ba wanda zai ji". Tun kafin ta buɗe baki ki gaya mata iyakarki, abu kaza zan riƙe, abu kaza kuwa sai na faɗa, kuma zan gaya miki kafin in faɗa. Zata iya fasa maganar ranar, ba komai, zata dawo. Mu a lokacinmu ba mu da wannan tsarin ko kaɗan, kowa da hankalinsa yake aiki, kuma an cuci yara da yawa ta hanyar rufa-rufa da sunan rufin asiri. Wannan ɓangaren ki koye shi da kyau ki taho mana dashi.

Tarihin nasu ma ya bani sha'awa. Ashe tun 1844 aka kafa YMCA, wato ƙungiyar samarin Kirista, a Landan saboda samarin da suka baro ƙauye suka zo aikin kanti ba su da wurin zuwa in an tashi, sai sikawut a 1907, sannan gwamnati ta shigo da ƙarfinta bayan rahoton kwamitin Albemarle na 1960, lokacin da suka ga yaran da aka haifa bayan yaƙin duniya na biyu sun taso da yawa ga kuɗi a aljihu ga aikin soja na dole ana shirin soke shi, sai aka hau gina cibiyoyi aka buɗe kwalejin horar da ma'aikata a Lesta, garin da har yanzu hukumar da ke tantance kwas irin naki take. Daga 2010 kuma sai da digiri ake ɗaukar mutum ƙwararren ma'aikacin matasa. Abin dariya abin takaici, a daidai wannan lokacin ne aka fara tsuke bakin aljihu, cikin shekara goma kuɗin da ƙananan hukumominsu ke kashewa a hidimar matasa ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100, cibiyoyi da yawa aka rufe. Kinga ashe ba mu kaɗai bane, ko'ina in kuɗi ya ƙare kasafin matasa ake fara yanka, don aikin baya da abin nunawa a hoto, ba wanda zai iya ɗaukar hoton faɗan da ba'ayi ba. Ki sa wannan a ranki tun yanzu game da albashi da matsayi, ban ɓoye miki ba tun farko, kuma Kawunku har gobe yana tambayata wai karatun renon yara ne ya kai ki Turai, da lauya kika karanta. Na daina bashi amsa.

Amma kar ki ɗauka su suka ƙirƙiro abin. In malaminku ya sake tambaya a aji yadda ake yi a ƙasarku, kar kice babu, kamar yadda kika ce kin faɗa rannan, raina ya ɗan sosu da naji. A ƙauyenmu ina yaro akwai sarkin samari da fadawansa, shi ke kiran gayya in za'a nome gonar wani dattijo ko gyaran hanya ko yaɓen masallaci, shi ke sasanta rigimar dandali, kuma in ka ƙi fita gayya akwai tara. 'Yan mata ma da tasu shugabar. A Nijar ma Seyni Kountché da ya hau mulki a 1974 wannan tsarin na samariya ya ɗauka ya maida shi na ƙasa baki ɗaya, unguwa unguwa gari gari, sunyi aikin gayya mai yawa, sai dai kuma ya zama idon gwamnati da bakinta a cikin jama'a, wanda shine ciwon da ke kama duk ƙungiyar matasan da hukuma ta rungume. Daga baya a shekarun 1990 sai fada ta bazu, samari su kafa butar shayi a bakin titi su raɗa ma wurin suna, kamar dai majalisarmu ta nan. Wannan duk abin nazari ne, kuma ke kika fi 'yan ajinku saninsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu kuma a hukumance abinda muka fi sani shine bautar ƙasa da Gowon ya kafa a 1973, wadda ta masu digiri da babbar difloma ce kawai, su Dogo ba su cikin lissafi. Ni kaina duk horon da na samu a aikin nan kwas ne na 'yan makonni a dutsen Shere na Jos, hawa dutse da igiya da tashin asuba, naji daɗinsa ba laifi amma ba wanda ya koya min yadda ake zama da yaro a saurare shi.

Sai maganar firojet ɗinki da kika ce kin rasa batu. Ga shawarata, in kinga dama ki ɗauka. Ki fara da tambayar da suke yi muku a zangon farko, wai waye matashi. Majalisar Ɗinkin Duniya tace 15 zuwa 24, yarjejeniyar matasan Afirka da aka amince da ita a Banjul a 2006 tace 15 zuwa 35, manufar matasa ta Najeriya da tana cewa 18 zuwa 35 sai a 2019 aka maida ita 15 zuwa 29. Duk lissafin takarda ne. A wurinmu aure ne ke yanke hukunci, namiji ɗan shekara 38 da bai samu abin yin lefe da kama ɗaki ba har yanzu yaro ne, baya da bakin magana a taron dangi, yana nan yana zaman jira, kuma rabin fushin da kike gani a majalisa daga nan yake. Ita kuwa mace in an ɗaura mata aure tana 17 shikenan ta fita daga sahun matasa a idon kowa, ta zama matar gida, ba shirin gwamnati ko na ƙungiya da zai sake tunawa da ita sai in taje awo. Ina ta shiga? Wa ke zama da ita?

Nan ne nake jin kunyar aikina fiye da maganar Dogo ma. Shekara 27 in muka ce matasa maza muke nufi, saboda su ake tsoro, su ke sara-suka a Bauchi su ke kalare a Gombe su ke ƙauranci a Katsina, kuma kuɗi yana bin tsoro ne. Mata sai ranar biki a jera su da hijabi iri ɗaya a raba keken ɗinki goma a ɗauki hoto. Sai da maganar kodin ta fashe har gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tarin a watan Mayun 2018 sannan mutane suka farga ashe abin ya daɗe da shiga ɗakunan mata. Binciken ƙasa na wannan shekarar da akayi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. Ni ba zan iya shiga inda aka rubuta ba shiga ba, iyakata zaure. Ke zaki shiga har ƙuryar ɗaki, ki zauna a tabarma ana tsince shinkafa ko ana kitso, kuma can ma sai kinyi irin wannan zaman da kike kuka dashi yanzu, wataƙila ma fiye, don su sun fi maza iya shiru.

In kin zo yin binciken kuma, fom ɗin neman izinin da jami'a zata sa ki cike kar ki ɗauke shi wahala, ki fassara shi da Hausar da yarinyar zata gane, ki karanta mata da baki in bata karatu, kuma in kin gama rubutu ki koma ki gaya musu abinda kika samo. Mun ga masu bincike da yawa sun zo da rikoda da lemon kwalba sun kwashi labarin yara sun tafi sun zama dakta, yaran ko kwafi ɗaya basu gani ba. Ɗan ƙidaya iri iri ne, akwai mai digiri uku.

Wani abu kuma, naji kina cewa akwai wata yarinya 'yar Somaliya da kullum take zama kusa da ƙofa da jakarta a cinya bata shiga cikin sauran, ranar nan ta tambaye ki inda kike sayen hijabinki. Kin faɗe shi a wuce kamar ba komai ba, a minti na tara, ni kuwa nan na sa Ummanku ta maido min baya. Kar ki ruga mata da tambayoyi, ki gaya mata shagon, in ya kama ki nuna mata yadda kike naɗa shi, shikenan. Kuma ki kiyaye dokar wurin, ba bada lambar wayarki, ba ƙawance a Instagram, ba kai ta ɗakinki don tausayi, nasan zuciyarki irin ta mai sunanki ce, ita ma Allah ya jiƙanta haka take kowa nata ne. Ranar da zaki gama aikin gwajin ma ki sanar da su tun saura sati uku ko huɗu, kar su zo wata Litinin su tarar da wata a gefen teburin.

Sallah dai kar ki bari ta kuɓuce miki, nasan yanzu rana na faɗuwa da wuri a can, magariba da isha'i duk a cibiyar suke riskarki, ki nemi sufabaizar ta baki ɗan lungu, ba abin kunya bane. Ki riƙa cin abinci mai zafi ba burodin yara kaɗai ba. Ummanku tace in gaya miki ta samu mai tahowa ƙarshen wata, zata bada kuka da daddawa da yaji, kilishi ne dai akace ba'a bari a shiga dashi don haka kar ki sa rai. Ki turo mata hoton rigar sanyin da kika saya, bata yarda kin saya ba.

In kin samu sarari ki turo min sauran takardun, musamman na wannan darasin da kuke yi akan ma'aikatan da basa zama a cibiya sai dai su bi yara tasha da bakin shaguna da dare, inaso in ga me suke cewa mutum yayi a satin farko in ya zauna hira ta mutu.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare min ke.

Naki,
Abba